Safiyar da Mai Jarida Bai Hawo Ba

A kwarin Okusawa, idan ka tambayi yara wace ce Kogure Tomiko, za su ce maka tsohuwar nan ce mai gida a saman kwanar hanya. Idan manya ka tambaya, sai su ce mai ido. Haka aka san ta tun tana budurwa. Ta fi shekara talatin tana ɗinkin kimono, rigar gargajiya, na biki da na makoki, kuma har ta haura sittin ba ta taɓa miƙa wa wani allura ya zura mata zare ba. Takan tsaya a ƙofar gidanta ta hango mota can ƙasa a bakin gada, ta faɗa maka ta wane ce, har da wadda ke zaune a gaba kusa da shi. Shi ya sa ba duka mazan kwarin ne ke murnar ganinta a tsaye a waje ba.

Mijinta Genzo ma'aikacin gyaran hanya ne, mutum mai shiru-shiru wanda bai yarda da hasashen rediyo ba. Cewa yake yi masu hasashen suna zaune a birni ne, sama ɗaya suke gani, alhali kwarinmu daga bakinsa zuwa Unguwar Sama yanayi uku ne ko huɗu. Shi ya kafa farin katako a kan turke a tsakar gidansu. Kowace safiya ta hunturu sai ya auna sabuwar dusar ƙanƙarar da ta kwanta a kai, ya rubuta, ya share katakon. Da shi da abokansa huɗu, kowa a nasa tudun, suka riƙa haɗuwa a waya sau biyu a rana suna gaya wa juna abin da suka gani. Mutanen gari suka raɗa musu 'yan duba, sunan ya bi su har yau. Da Genzo ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, hayaƙin turaren makoki bai gama washewa ba Malam Ogino, tsohon malamin kimiyya kuma shugaban 'yan duban, ya fara gyaran murya yana tambayar wa zai riƙa duba katako. Tomiko ta ce ita, kuma babu wanda ya yi musu.

Gaskiya ba katakon ne abin da aka fi buƙata a wurinta ba. Kwanar ce. Hanya tana gangarowa daga Unguwar Sama, ta wuce gefen gidanta, sai ta karye kwatsam kamar gwiwar hannu, ƙasanta kogi. Rana ba ta leƙa wurin tun daga Nuwamba har Maris. Daga tsakar gidan Tomiko kaɗai ake ganin kwalta a kwanar, a gane ko baƙa ce busasshiya, ko dusa ce mai laushi, ko kuma tana ƙyallin nan na ƙanƙara. Akwai wata mata Sudo Akemi da ke jan ƙaramar bas daga Unguwar Sama, kwana uku a mako tana sauko da tsofaffi uku zuwa wankin ƙoda. Idan Tomiko ta ce kwana lafiya, Akemi ta taho da tayoyin hunturu kawai. Idan ta ce da ƙyalli, sai ta tsaya ta ɗaura wa tayoyin sarƙa, aikin da ke cin minti ashirin, ya jijjiga marasa lafiya, ya sa su makara. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa samun Tomiko da kuskure ba.

Abin da babu wanda ya sani shi ne shekara biyu ke nan rabonta da ganin kwanar.

Abin ya faro ne da ɗan tabo a tsakiyar duk abin da ta kalla, kamar an ɗiga mai a takarda. Tana ganin gefe-gefe, amma abin da ta sa wa ido shi ne ke ɓacewa. Ba ta je asibitin kwari ba, don ma'aikaciyar jinyar wurin 'yar ɗan'uwan Motegi mai noman laimar kwaɗi ce, ɗaya daga cikin 'yan duba, kuma abin da ya shiga gidan Motegi da safe kafin rana ta take ya zaga kwari. Ta hau bas ita kaɗai ta je birni. Likita ya ce za a iya rage masa gudu, amma wanda ya tafi ya tafi. Ta yi godiya, ta sayi wainar wake a tasha, ta dawo gida ta ajiye ɗaya a gaban hoton Genzo, shi ma ba ta gaya masa ba.

Ɗanta Noboru take tsoro, ba don yana da mugun hali ba. Kirkinsa ne ma abin tsoron. Tun rasuwar ubansa ya ware mata ɗaki a gidansa na birni, a hawa na tara, har da labule mai furanni da matarsa ta zaɓa. Ta taɓa kwana uku a ɗakin. Tagar ba ta buɗuwa fiye da faɗin tafin hannu, kuma daga ita ba a ganin komai sai tagogin wasu. Suka yi yarjejeniya: za ta zauna a kwari muddin tana iya kula da kanta, ranar da ta kasa kuwa ba gardama. Tomiko ba ta tsoron mutuwa yadda take tsoron ɗakin nan.

Don haka ta koyi dabara. Katako ba wuya: daga kan yatsarta manuniya zuwa gaɓa ta farko santimita biyu da rabi ne, zuwa ta biyu biyar. Jarida ba ta daina karɓa ba, ko da yake ba ta iya karanta ko manyan kanun labaranta, don tsohuwar da ta soke jarida tambaya ake yi mata. Kwana kuwa, sai ta mai da ita aikin kunne. Mai raba jarida yana hawowa da babur ƙarfe shida, kafin kowa ya taka hanyar. Idan kwalta a bushe take, yakan shanye kwanar da ƙara ɗaya. Idan dusa ce mai laushi, ƙarar takan dushe ta yi ƙasa. Idan ƙanƙara ce, sai ka ji ya kashe inji ya sauka yana turawa, yana zagin babur ɗin da uwar da ta haife shi. Tomiko tana kwance tana saurara, ƙarfe bakwai ta ɗauki waya ta faɗa da muryar wadda ta gani da idonta.

Wata ranar Lahadi a watan Janairu, wayar yamma ta haɗa su ƙarfe biyar.

"Ga shi nan tafe ta gaɓar kudu," in ji Malam Ogino. Ana jin yana buga gilashin ma'aunin iskarsa da farce. "Ba babban hadari ba ne. Gefensa kawai zai shafe mu. Santimita biyu, in ya yi yawa uku."

"Malam, bara ma haka ka ce," in ji Motegi. "Na kwashe barguna daga igiya, muka wayi gari rana tana gasa mu."

"Bara kai ne ka karanta ma'auninka a juye. Yanzu me kake gani a sama?"

"Dusa ce, 'yar siririya, kamar ana tankaɗe. Ba ta kwanciya ma."

"Ni nan ruwa ne tsagwaronsa," in ji Malam Ogino. "Tomiko, ke fa?"

Ta riga ta miƙa hannu ta taga. "Yayyafi ne. Mai sanyi."

Malam Ogino ya ce, "To, layin da ya raba ruwa da dusa a kanki yake. Idan sama ta washe bayan yayyafin nan, sanyi ya sauko, sannan dusa ta biyo da asuba, ba na son abin da zai kwanta a ƙarƙashinta. Gobe Litinin, Akemi za ta sauko. Ki buɗe mana ido sosai."

"Wa zai koya wa mai ido kallo?" in ji Motegi. "Wannan tsohuwar da ta san yawan kwalaben da nake ɓoyewa a bayan rumbu."

"Bakwai ne," in ji Tomiko, suka yi dariya. Ƙirga su ta yi da kunne ranar da motar shara ta zo.

Kafin duhu ya rufa ta fita ta goge ruwan da ke kan katako da tsumma, ta shiga ta ci shinkafarta da romon waken nan da ake kira miso.

Da safe shirun da ta tarar ya gaya mata dusa ta sauka. Ta zuba wa Genzo shayi a gaban hotonsa, ta sa takalmin roba, ta fita. Tsakar gidan tsakuwa ce, ta ji ta ƙuras-ƙuras kamar kullum. Ta tsoma yatsa a kan katako, dusar ba ta kai gaɓa ta farko ba, busasshiya, mara nauyi kamar garin shinkafa. Tana cikin sharewa waya ta yi ƙara a ɗaki, ta koma da sauri tana karkaɗe hannu.

Malam Ogino ya ce wajensa ko ɗigo bai kwanta ba, kwalta jiƙaƙƙiya ce kawai. Motegi ya ce nasa huɗu, mai laushi, ya riga ya taka ta da silifa. Akemi ma tana kan layi, ana jin tana tauna wani abu.

"Biyu," in ji Tomiko.

"Na ce muku biyu," in ji Malam Ogino, yana jin daɗin kansa. "Kwana fa?"

"Lafiya lau."

"Ba ƙyalli?"

"Ba ƙyalli."

"To madalla, Baaba," in ji Akemi. "Kin hutar da bayana. Bakwai da arba'in zan taso."

Bakinta ne ya faɗa, ba ita ba. Kalmar da ta faɗa sau ɗari ce ta fito da kanta. Ta ajiye waya, ta fita zuwa akwatin jarida a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ta zura hannu. Babu komai. Ta lalube kusurwoyin, ta duƙa ta shafa ƙasa ko ta faɗo. Ta tsaya ta bi safiyar baya-baya a ranta: ta ji hankaka, ta ji tafasar buta, ta ji dusa tana zamewa daga reshe. Ba ta ji babur ba.

Da farko ta ɗauka mutumin yana can kwance a kogi. Sai daga baya lissafi ya zo mata, Litinin ce ta biyu a wata, ranar hutun jarida. An buga sanarwar a shafin farko tun jiya, a cikin jaridar da ke ninke a kan teburinta ba a buɗe ba. A sauran watanni ranar ta sha zuwa ta wuce a kan busasshiyar hanya, ba ta taɓa cizonta ba. Kowa a kwarin ya san yau ba jarida, ban da ita da dukan aikinta ya rataya a kan jaridar.

Wayar gida tana nan taku goma daga inda take, kuma ta haddace lambar Akemi. Amma me za ta ce? Na ce lafiya, yanzu ban sani ba? Malam Ogino ba yaro ba ne, tambaya biyu zai yi mata ya gano. Kafin azahar maganar ta kai gidan Motegi, kafin yamma ta kai birni. Ta tsaya riƙe da murfin akwatin, tsoro biyu suna ja mata zuciya, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗakin hawa na tara ne ya fi ƙarfi. Sai ta samo wata dabarar. Kwanar ba ta fi taku ɗari biyu ba. Za ta sauka ta taɓa kwaltar da hannunta. In lafiya ce, babu wanda ya sani. In ƙanƙara ce, ta dawo ta kira ta ce ta sake dubawa da gari ya ƙara haske. Tana da minti talatin da 'yan kai.

Ta ɗauki sandar Genzo, ta rataya wayar hannun da Noboru ya saya mata, mai manyan maɓallai uku a jere: na hagu shi, na tsakiya asibiti, na dama Malam Ogino.

Da ta fito hanya sai duniya ta ɓace mata. A ranar da babu dusa tana ganin baƙin kwalta da koren gefe ta wutsiyar ido, ta bi tsakaninsu. Yau sama fara, ƙasa fara, ba ta san inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Ta bi katangar duwatsun maƙwabcinta da hannun hagu tana ƙirga taku. Katangar ta ƙare a taku na sittin. Daga nan sai sanda, tana dungura gefen hanya, tana jin ciyawa a daskare. Kogin yana ƙara a ƙasa, kuma ƙarar ba ta zuwa daga inda ta zata. Sau biyu ta tsaya cak, ta rasa ko ta juya ne ba ta sani ba.

Ba ta kai ga duƙawa ta taɓa ba. A taku na ɗari da tamanin ƙafafunta biyu suka tafi gaba ɗaya, ta zube a kan ƙugu, ta ci gaba da zamewa a zaune, a hankali, ba abin kamawa. Sandar ta kufce, ta ji ta tana sulalewa har ta daina jin ta. Abin da ya tsayar da ita ƙarfen kariya ne na bakin kwana, ya doki kafaɗarta. Ta cire safar hannu da haƙori, ta share dusar gefenta. Abin da ke ƙasa sumul yake kamar bayan faranti, babu ko ƙwayar tsakuwa da ta leƙo.

Ta yunƙura ta tashi, gwiwa ta zame. Ta gwada rarrafe, ta hau taku biyu ta dawo uku. Nan ta gane inda take zaune. Genzo ya sha gyara wannan ƙarfen. Duk motar da ta kufce a kwanar, daidai nan take dukawa. Ta ga bas ɗin a ranta, ta ga tsofaffin uku da bargunansu a kan gwiwa, ɗaya daga cikinsu matar da ta ɗinka wa kimonon aure. Ba ta san ƙarfe nawa ba. Agogon yana hannunta, amma an daɗe ba ya gaya mata komai.

Ta lalubo wayar a ƙirjinta. Yatsun sun mutu da sanyi, igiyar ta murɗe a faɗuwar, ba ta lura wayar ta juye kai ƙasa ba. Ta danna na dama. Ana ɗauka ba ta jira gaisuwa ba.

"Malam, ka tsai da Akemi. Ƙanƙara ce, duk kwanar, dusar rufe ta kawai ta yi. Ƙarya na yi maka. Ban gani ba, ba na gani, shekara biyu ba na ganin kwanar nan, babur ɗin mai jarida nake saurara, yau kuma bai zo ba. Ina zaune a jikin ƙarfe, na kasa tashi. Ka kira ta yanzu, ka yi mini faɗan daga baya."

A cikin wayar ta ji wata ƙara da babu irinta a gidan Malam Ogino, muryar mace a lasifika tana sanar da isowar jirgin ƙasa.

"Inna," in ji Noboru.

Ta ƙara manna wayar a kunne.

"Kada ki motsa daga inda kike. Ina da lambar Akemi." Ya kashe.

Ajinsu ɗaya a firamare, shi da Akemi. Tomiko ta rungume ƙarfen da hannu biyu ta kasa kunne. Ba a daɗe ba ta jiyo injin can sama, wajen gonar Motegi, yana tahowa da saurin wanda aka ce masa hanya lafiya. Akemi ba ta ɗaukar waya tana tuƙi, kowa ya san wannan, har yabonta ake yi a kai. Ƙarar ta wuce wurin bautar da ke bakin hanya. Ta wuce rumbun katako. Ta iso daidai katangar duwatsu, inda gangaren ke farawa. Tomiko ta runtse idon da ba ya yi mata amfani, ta dunƙule kamar kyanwa a bakin murhu, haƙoranta suna haɗuwa.

Injin ya rage murya. Ya yi ta guna-guni a wuri ɗaya, sannan ya mutu.

Ta daɗe ba ta ji komai ba sai kogi. Can ta ji an buɗe murfin akwatin yashi na gefen hanya, sai wata ƙara, shaa, shaa, ana watsa yashi ana takowa a kansa kaɗan-kaɗan.

"Baaba, kin ji ciwo?" Muryar Akemi ce, tana haki.

"Ƙuguna ne kawai. Su fa?"

"Suna mota, na kunna musu ɗumi. Sau huɗu ɗanki ya kira a jere. Na ce wanda ya kira sau huɗu da sassafe ba gaisuwa yake so ba." Ta buga dugadugi a ƙasa, ƙarar ta fito ƙwal. "Kin ji? Da na shigo nan da waɗannan tayoyin..." Ba ta ƙarasa ba.

Wayar ta yi ƙara a ƙirjin Tomiko. Ta bar ta ta yi sau uku, sannan ta ce, "Danna mini, ban san ta ina ta juya ba."

Akemi ta danna, ta kara mata a kunne.

"Ta iso?" in ji Noboru.

"Ta iso."

"Shekara biyu, Inna."

"Da 'yan watanni."

Ta ji yana numfashi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ta san yadda za ta rama. "Na fasa zuwa aiki," ya ce a hankali. "Zan koma gida in ɗauko mota. Kafin yamma ina nan, sai mu zauna mu yi magana."

"To," ta ce. Ta san maganar, ita da kanta ta amince da ita shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Akemi ta sauke wayar. Ta ƙara watsa yashi a gefen tsohuwar, ta gyara tsayuwa, ta miƙa mata hannu. Tomiko tana zaune, fuskarta a ɗage, tana kallon wajen da murya ta fito, tana jira. Akemi ta tsaya a haka, hannu a miƙe daidai hancin matar, har ta fara jin nauyinsa.

"Baaba," ta ce, "ga hannuna."

"Ina yake?" in ji Tomiko.